Teburin Branko

Ni na raba wa Branko Lovrek kartar da ta kai shi wurin matsafi, don haka ba zancen mashaya nake kawo muku ba. Sunana Ilona. Shekaruna da yawa ina rabon karta a ɗakin bayan shagon Pavlos, a nan Coober Pedy, inda masu haƙar dutsen nan mai daraja, ofal, ke gangarowa ran Lahadi da rana su yi cacar karta da ake kira poka, lokacin da zafin sama ya hana kowa motsi. Na ga masu ci, na ga masu kuka. Ban taɓa ganin wanda ci ya hallaka kamar Branko ba.

Ɗan Kuroshiya ne, dogo, mai ƙarancin dariya. Yana da rami mai kyau da injin haƙa nasa na kansa, da mata, Nevenka, da 'ya ɗaya budurwa, Mirela, da ƙane, Vinko, wanda suke haƙa tare kuma yake cin abinci a gidansa. A karta kuwa babu kamarsa, domin shi ba ya zubi da zuciya. Lissafi yake yi. Ya san kati nawa suka rage da za su iya kayar da shi, ya san lokacin ajiyewa ko da hannunsa, wato katunan da ya riƙe, ya yi kyau. In an tashi wasa sai ya zauna ya bi kowane zubi ɗaya bayan ɗaya, yana fede shi kamar mahauci. Wanda aka cinye da katin ƙarshe ya hau zage-zage, Branko ne mai yi masa wa'azi: wai kada mutum ya tambayi ko ya ci, ya tambayi ko zubin da ya yi daidai ne, in daidai ne, to ya sha ruwa ya yi barcinsa, gobe lissafi zai dawo masa da hakkinsa. Gaskiya yake faɗa, amma da izza yake faɗarta, shi ya sa aka tsane shi, aka laƙaba masa Farfesa.

Wanda ya fi kowa tsanarsa shi ne Lefteri, wani Bagirke mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, wanda ke wasa kamar makaho ya shiga kasuwa. Gabarsu ta samo asali ne daga rikicin iyakar rami, ta zo ta zauna a kan teburina.

Ranar da abin ya faru, Branko na riƙe da as biyu, hannun da babu wanda ya fi shi a farkon wasa. Lefteri na da kati biyu masu lamba huɗu. Suka yi ta ƙara wa juna har kuɗin gabansu ya ƙare, Lefteri ya ce a sa rami da rami, inji da inji. Branko ya yi lissafinsa, sannan ya yarda. Aka buɗe karta. Na jera kati huɗu a tsakiya, babu wanda ya taimaki Lefteri. A duk abin da ya rage a hannuna, kati biyu kacal ne za su cece shi. Na juya na ƙarshe, sai ga huɗu, Lefteri ya haɗa huɗu uku, sun doke as biyu.

Lefteri ya kwashe da dariya har yana tari. Ya miƙa wa Branko kofin ruwa, ya ce, "Sha, Farfesa. Ai zubinka daidai ne. Je ka yi barci, gobe lissafi zai kawo maka injinka har gida."

Ɗakin ya ɗauki dariya, domin babu wanda Branko bai taɓa yi wa wannan wa'azin ba. Branko ya tashi ya nufi waje. Na bi shi har bakin ƙofa na ce masa abin da ya yi shi ne daidai, ko sau goma aka maimaita, mafi yawa nasa ne. Ya juyo ya kalle ni kamar ni na sace masa ramin.

"Rufe min baki, Ilona. Daidai ba ya haƙa ƙasa."

Daga nan ya lalace. Ya koma haƙa wa wasu a kan lada, shi da Vinko. Nevenka ta ce min ba ya barci, sai ya baje karta a kan gado ya yi ta maimaita hannun nan, yana neman inda ya yi kuskure, bai samu ba, rashin samun kuwa shi ke cin sa. Da kuskure ne da ya gyara. Amma wa zai kama? Ga Lefteri kullum yana wucewa ta ƙofarsa da injin, yana danna masa oda.

Akwai wani tsoho, Matiyas, da ke zaune a wani tsohon rami bayan gari, can cikin tarin farar ƙasa inda ba a ƙara haƙa. Ba a ambaton sunansa a wurin cin abinci. Kowa dai ya san ba a zuwa wurinsa da kuɗi, da gishirin gidanka ake zuwa. Abin da ya gudana a can, Branko ne ya faɗa min da bakinsa daga baya, lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani.

Da tsakar rana ya je, da gishiri a ƙulle cikin hankici. Ya sauka ta tsanin ƙarfe mai tsatsa har hasken sama ya koma kamar ƙwayar ido. A ƙasa akwai wari irin na naman da ya kwana. Kyandirori na ci a cikin gwangwanayen kifi. A jikin bango an sassaƙa ƙananan ramuka, kowanne da takalmin mahaƙi ƙwaya ɗaya, ba ƙafa biyu ba, wasu har da busasshen jini. A kusurwa an jera ƙoƙunan kan karnukan daji, an cusa musu baƙin ofal a gurbin ido, duk inda ka tsaya kai suke kallo. Tsohon na zaune a bayan wani faffaɗan dutse, yatsu uku ne a hannunsa na dama, idanunsa sun yi fari fat.

Bai amsa gaisuwa ba. Cewa ya yi, "Kai ne mai lissafi. Me lissafin ya rasa ba ka?"

"Katin ƙarshe. Ina so ya daina cin amanata. In na tura, ya zo min."

"Wannan ba wuya. Amma sa'a ba ƙirƙirarta ake yi ba. Ɗebo ta ake yi daga wani a zuba wa wani."

"Daga wa za a ɗebo?"

"Daga masu zama teburi ɗaya da kai."

Branko ya ce min a lokacin fuskar Lefteri ce ta faɗo masa, har ya ji daɗi ya kama shi. Duk da haka halinsa bai bar shi ba, ya tambayi tsohon nawa zai biya, domin bai yarda da cinikin da ɗayan ɓangaren ba ya cin riba ba. Matiyas ya ce shi ɗan aike ne, mai kayan yana da yadda yake karɓar nasa. Branko ya nemi ya san ko wane ne mai kayan. Tsohon ya nuna masa tsani da yatsun nan uku.

"Ga hanya can. Wanda ya hau yanzu bai yi asarar komai ba sai abin da ya riga ya yi. In na kwance gishirin nan kuwa, ba ya sake ƙulluwa."

"Kwance."

Tsohon ya jawo wani guza daga cikin buhu, ya tsaga cikinsa a kan dutsen yana da rai. Ya tsaga babban yatsan Branko, ya haɗa jinin biyu, ya zazzage gishirin a kai ya cakuɗa, yana magana da wani harshe da Branko bai taɓa ji ba, ga shi garinmu babu harshen da ba a yi. Ya sa shi zaro kati ɗaya daga wata tsohuwar karta ba tare da ya duba ba, ya shafa masa jinin, ya ƙone a wutar kyandir, ya zuba tokar a kofin wata barasa mai ƙarfi ya ce ya shanye. Yana haɗiyewa kyandirorin suka mutu gaba ɗaya. A cikin duhun ya ji an ja kujera kusa da shi an zauna, alhali babu kujera a ramin. Da lalube ya samu tsani. Mutumin da ke lissafin komai bai tsaya ya tambayi kansa me ya sa sai gishirin gidansa ba.

Lahadin da ta biyo baya ya dawo ɗakina da ɗan abin da ya tara. Tun daga hannun farko na san wani abu ya canza. Branko da ke ajiye karta sau da yawa ya daina ajiyewa. Yana biye wa zubi da shara, hannun da da can zai zagi wanda ya riƙe shi, sai katin ƙarshe ya zo masa. Aka ce ni ke haɗa baki da shi, Pavlos ya sa wani ya yi rabon, aka sauya karta, aka sauya kujeru, bai hana komai ba. Kafin sanyi ya shigo ya karɓe injinsa da raminsa, ya haɗa da na Lefteri. Ranar da ya gama da shi, ya tura masa kofin ruwa. Lefteri ya watsa masa ruwan a fuska, sai da mutum uku suka riƙe shi.

Garinmu ya yi masa kaɗan. Ya fara zuwa Adelaide da Melbourne, yana dawowa da sabuwar mota, da sarƙoƙin da Nevenka ba ta da inda za ta sa. Ya ƙara ɗakuna a gidansa na ƙarƙashin ƙasa, har ya haƙa wurin ninƙaya a ciki, a garin da ake sayen ruwa. Ya daina bin zubinsa yana nazari. Da wani sabon zuwa ya tambaye shi me ya sa ya biya da wannan hannun, cewa ya yi lissafi na matalauta ne.

A gidan kuwa abubuwa suka fara. Ƙanana ne da farko. Karensu ya haɗiye ƙashi ya mutu. Tukunyar mai ta kife wa Nevenka a hannu. Mirela ta taka matakalar da take takawa tun tana yarinya, ta karye a idon sawu. Sannan Vinko. Yana ƙasan rami ya cire hular kwano don ya share gumi, dutsen da bai fi dunƙulen hannu ba ya saki daga can sama ya same shi a tsakiyar kai. Ran Lahadi ne. A daidai wannan yammacin Branko na gabana yana kwasar kuɗin wasu 'yan kasuwar ofal da suka zo daga Sydney.

A wurin jana'iza na ji shi yana gaya wa mutane cewa irin wannan ɗaya ne cikin dubu, amma ɗaya cikin dubu ma yana faruwa. Kamar yana bayanin karta.

Nevenka ce ta fara ganewa. Wata Lahadi ta shigo ɗakin karta da baƙaƙen kayanta, ta tsaya a kansa. Ta ce a gaban kowa duk ranar da ya ci, gidanta ne ke biya. Ta ce ta nemi gishirinta ta tarar an ɗiba tun kafin arzikin nan ya fara, kuma ta san inda ake kai gishiri a garin nan. Ya daka mata tsawa ta koma gida.

"Zan koma," in ji ta. "Amma ka duba waɗanda suka rage maka a wurin cin abinci, Branko. Mu biyu ne."

Branko ya miƙe. Ya ajiye karta ya fita, ko kuɗinsa bai kwashe ba.

Wurin Matiyas ya nufa. Ya shaƙe tsohon ya ce ya yaudare shi. Matiyas bai ko yi yunƙurin ƙwacewa ba, ya ce da shi, "Teburi na ce. Kai ka zaɓi wanda ka ji." Branko ya ce to ya daina karta daga yau. Tsohon ya ce wanda ya ja kujera ya zauna kusa da shi cikin duhu ran nan ya riga ya saba da ci. In an daina kiransa zai ci gaba da ɗauka, ba tare da ya bayar ba. Hanya ɗaya ce: ya tura duk abin da ya mallaka a hannu ɗaya, a rabo na gaskiya, a cinye shi. In ya faɗi, an rabu. In ya ci, to ya san kuɗin ci.

Branko ya koma ga lissafinsa. Ya ga cewa in ya zaɓi mafi munin hannu, da wuya ƙwarai ya ci, Mirela kuwa zai nisanta ta daga gidan. Ran Lahadi da safe suka karya kumallo tare, ya sa ta a motar safa zuwa wurin 'yar uwar Nevenka a Adelaide. Sannan ya je ya samo Lefteri, wanda a lokacin yake tsince-tsince a tarin ƙasar wasu, ya ce masa ya zo ya ci gida da ramuka da motoci, shi dala ɗaya kawai zai sa.

Lefteri ya dube shi sama da ƙasa. "Wace sabuwar mugunta ce wannan, Farfesa?"

"Ka zo ka cinye ni. Roƙonka nake."

"In don na ga ka kwana a titi ne, ko da rarrafe zan zo."

Ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Na yi ta rabo Branko na ajiyewa, har ya samu abin da yake nema: bakwai da biyu, hannun da ko yaro ba ya riƙewa. Ya tura makullai da takardun ramuka tsakiya. Lefteri ya jefa dalarsa ya buɗe as biyu, ya yi wata dariya marar daɗi. Na jera uku: sarki, tara, bakwai. Na huɗu bai taimaki kowa ba. Lefteri na gaba nesa. Branko ya dafe teburin da hannu biyu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana faɗi a hankali, "Kada ka zo. Don Allah kada ka zo." Ban taɓa jin ɗan caca na roƙon a cinye shi ba sai ranar.

Na juya katin. Bakwai.

Branko ya haɗa bakwai uku, sun doke as biyu. Lefteri ya tura masa dalar da yatsa ɗaya, ya miƙe ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, ya fita da baya da baya.

Kafin rana ta faɗi ɗan sanda ya zo. Motar safar ta kauce wa wata saniya a hanya ta sauka gefe. Duk fasinjojin sun fito da ƙafafunsu, ko ƙwarzane babu. Mirela kaɗai ta bugu da ƙarfen kujera a wuya, nan take ta rasu.

Nevenka ba ta yi kuka ba. Washegari aka same ta da gatari tana faskara teburin cin abincinsu, tana kiran Vinko da Mirela su fito daga ciki. Da ta gama ta nufi na maƙwabta. Aka kai ta asibitin masu taɓin hankali a Adelaide. Na je duba ta sau ɗaya. A tsaye take cin abinci, fuskarta na kallon bango, in aka kawo mata kujera sai ta yi ta ihu har a yi mata allura. Ba ta gane ni ba.

Branko ya sake komawa bayan gari, ya tarar ramin Matiyas ya rufta, babu ko alamar tsani. Sai abin ya juyo kansa, tunda babu sauran kowa. Ofal ɗin da ya tara ya tsattsage a cikin akwati ya zama tsakuwa. Wurin ninƙayar ya tsage, ruwan ya jiƙa bango, rufin ɗakuna biyu ya zauna. Ƙusa ta soke shi a ƙafa, ciwon ya ruɓe, aka yanke ta daga gwiwa. Babu mai yarda ya yi karta da shi daga nan har Melbourne. Pavlos ya hana shi shiga shago.

Abin da ya yi bayan haka shi ne ya cire min tausayinsa. Ya sayi sabon teburi, dogo. Kullum sai ya gasa rago, ya dafa kabeji cushe da nama, ya fito bakin ƙofa a kan sanda yana kiran masu wucewa su zo su ci. Mutanen gari sun sani, suna tsallakawa ɗaya gefen titi. Sai ya koma taren baƙi masu zuwa kallon ramuka, har sai da Lefteri ya ɗauki zaman gadi a kan wani dutse daura da gidan, duk baƙon da ya nufi ƙofar ya kore shi da zagi.

Ni ma ya tare ni wata rana. A nan ne ya ba ni labarin ramin Matiyas tun daga farko, yana kuka. Da ya gama sai ya kama hannuna ya ce in shigo ko loma ɗaya in ci, don tsohuwar zumunci.

Na ce, "Ka san abin da loma ɗayar za ta ja min?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gaji, Ilona. Kullum ni kaɗai yake ci."

"Ashe ba ka ƙoshi da mutane ba. Sake ni."

Na fizge hannuna, ban sake bi ta layin ba.

Wari ne ya sa aka fasa ƙofar, a tsakiyar zafi. An same shi a kan kujera, ɗan ƙaramin ƙashin rago ya tsaya masa a maƙogwaro, ga kofin ruwa a gabansa bai kai hannu ba. Faranti biyu ne a teburin. Nasa da sauran abinci. Na kusa da shi an sharce shi tas. Mu huɗu muka je binne shi, Lefteri na ciki, ya ce ya zo ne ya tabbatar an rufe ramin da kyau. Gidan har yau babu mai saye.

To ku masu zama a gaban karta, da ku masu kasuwa, da duk wanda aka taɓa kayarwa alhali bai yi kuskure ba, ku ji ni da kyau. Abin da Branko ya rasa ranar farko rami ne da inji, kuma ƙasar nan cike take da ramuka. Matarsa na da hankalinta, 'yarsa da ƙanensa na numfashi. Zafin asara ɗaya da ya kasa haɗiyewa, da kwaɗayin kada ya sake faɗuwa har abada, su suka gangarar da shi wancan tsani. Duk wanda ya yi maka alkawarin ci kullum bai karɓi kuɗinka ba, to ya riga ya ga abin da zai ɗauka a gidanka, kuma ba zai tambaye ka wanda za ka iya rabuwa da shi ba. In an cinye ka, tashi ka tafi gida da zafinka. Ka ci abinci da iyalinka tun suna nan.